Sulusi Biyu na Sha Biyu: Yadda Ake Koya wa Yaran Firamare Ninka Lamba da Kaso

Ninka cikakkiyar lamba da kaso, wato lissafi irin 4 × 2/3 ko 3/4 × 20, darasi ne da yara kan haɗu da shi a manyan azuzuwan firamare, lokacin da suke tsakanin shekara tara da goma sha ɗaya. Ƙa'idarsa ba ta wuce layi ɗaya ba: a ninka cikakkiyar lambar da lambar sama, a bar lambar ƙasa yadda take, in amsar na raguwa a rage ta. Huɗu sau biyu takwas, a ɗora takwas bisa uku, an sami 8/3, wato biyu da sulusi biyu. Malami zai iya rubuta wannan a allo cikin minti biyu, yara su rera shi da ƙarfi, su kwafa a littafi, su ci duk tambayoyin da aka ba su a ranar. Bayan mako uku, in aka sake kawo tambayar, da yawansu 8/12 za su rubuta, ba tare da wata shakka ba. Gajartar ƙa'idar ce ke ruɗin malami har ya ɗauka darasin kwana ɗaya ne, alhali a ƙarƙashinta akwai ma'anoni biyu daban-daban, kowace tana bukatar lokacinta.

Ƙasashe sun ɗan bambanta a kan ajin da ake fara shi. A Amurka, manhajar Common Core da jihohi da dama suka ɗauka daga 2010 ta sa ninka kaso da cikakkiyar lamba a aji huɗu, ta bar ninka kaso da kaso sai aji biyar. A Ingila, manhajar da ta fara aiki a 2014 ta sa shi a shekara ta biyar, da sharaɗin a yi shi da kayan da yaro zai taɓa da kuma zane, amma tun a shekara ta biyu ake sa yara su fitar da sulusi ko kwata daga tarin abubuwa. Wato shekara uku ake yi ana share fage kafin a kai ga alamar ninkawa.

Kafin a kai ga ninkawa

Yaron da zai ninka kaso sai ya fara yarda cewa kaso abu ne da ake ƙirgawa. A cikin 2/5, lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abu guda, saboda haka ita ke nuna girman kowane yanki. Lambar sama kuma tana ƙirga yanki nawa aka ɗauka. Aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma yawancin kurakuran da ke biyowa baya daga rashin bambance wannan suke tasowa. Hausa ta sauƙaƙa wa malami aiki a nan, domin kowane yanki yana da sunansa tun da daɗewa: rabi, sulusi, rubu'i ko kwata, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushuri. Yaron da ya karanta 2/5 da "biyu bisa biyar" lambobi biyu yake ji. Wanda ya karanta shi da "humusi biyu" kuwa abu ɗaya yake ji guda biyu, kamar yadda zai ji "mangwaro biyu". In aka tambaye shi mangwaro biyu sau uku, mangwaro shida zai ce, ba zai taɓa tunanin ninka sunan mangwaron ba. Haka nan humusi biyu sau uku humusi shida ne, wato 6/5.

Akwai abubuwa biyu da dole su zauna a kan yaro tun daga wannan mataki. Na farko, rabon dole ya zo daidai wa daida. A gida ana jin yaro yana cewa a ba shi babban rabin, kuma kowa ya gane abin da yake nufi, amma a lissafi babu babban rabi da ƙaramin rabi. Naɗe takarda gida biyu, sannan gida huɗu, sannan takwas, a ɗora yanki a kan yanki a ga sun rufe juna, shi ne hanya mafi arha ta kafa wannan. Na biyu, kaso ba ya tsayawa shi kaɗai sai an san na mene ne. Rabin buhu da rabin mudu duk rabi ne, amma ɗaya sai an sa a baro, ɗaya kuma a leda ake ƙulla shi.

Farawa da yanki guda a ƙirga shi tsohuwar hanya ce. Wata takardar lissafi ta Masar da magatakarda Ahmes ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda yanzu take gidan tarihi na Birtaniya a Landan, tana ɗauke da tambayoyin raba burodi tsakanin mutum goma, kuma kusan duk kason da ke cikinta ɗaya ne a samansa, in ban da sulusi biyu da suka ware wa alama ta musamman. Rubuta lamba a kan lamba daga Indiya ya zo. Layin da ke tsakaninsu kuma a rubutun al-Hassar, masanin lissafi na ƙasar Magrib a ƙarni na 12, aka fara ganinsa, kafin Fibonacci ya kai shi Turai a littafinsa na 1202. Alamar da ake so yaro ya gane cikin mako ɗaya sai da mutane suka yi ƙarnuka suna gyara ta.

Ma'ana ta farko: kaso ana maimaita shi

Wannan ita ce ta fi sauƙin shiga, domin yaro ya riga ya san ninkawa a matsayin tara abu ɗaya sau da yawa. A ce mai ƙosai tana jiƙa kwata uku na mudun wake kullum. Wake nawa za ta jiƙa a kwana biyar? Malamin da ya san aikinsa ba zai rubuta 5 × 3/4 tukuna ba. Zai raba wa yara dogayen takardu masu tsawo ɗaya, kowace a matsayin mudu guda, su naɗe ta gida huɗu su yayyage. Ranar farko su ware kwata uku gefe, rana ta biyu su ƙara uku, suna ƙirgawa da baki: uku, shida, tara, sha biyu, sha biyar. Kwata goma sha biyar. Sai ya tambaye su mudu nawa ke nan. Su jera kwata huɗu-huɗu, su ga mudu uku sun cika, kwata uku sun yi saura. Sai yanzu ne alli zai taɓa allo: 5 × 3/4 = 15/4 = 3 3/4. Babu wanda ya gaya musu a bar huɗun ƙasa yadda take. Da hannunsu suka ga yawan yankin ne ya ƙaru, girmansa yana nan.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan darasi shi ne ninka sama da ƙasa gaba ɗaya, a sami 15/20. Yana da dalili, kuma ya kamata malami ya san shi. Makonni kaɗan da suka wuce an koya wa yaran kaso masu daraja ɗaya, an nanata musu cewa duk abin da aka yi wa sama a yi wa ƙasa. Yaron da ya rubuta 15/20 waccan dokar ya bi, a wurin da ba nata ba. Jan biro a kan amsarsa ba zai warkar da shi ba. Abin da ke warkar da shi shi ne a sa ya rage 15/20 da kansa, ya ga ta dawo 3/4, sannan a tambaye shi: "To, waken kwana biyar daidai yake da na kwana ɗaya ke nan?" Yawanci nan take yake ganewa, kuma ganewar da yaro ya yi da kansa ta fi daɗewa a kansa.

Akwai wasu kurakuran da ke bin bayan wannan. Wani yaron lambar ƙasa kaɗai zai ninka, ya sami 3/20, wake ya ragu maimakon ya ƙaru. Wani zai ga 5 × 3/4 ya karanta shi biyar da kwata uku, domin a ido sun yi kama. Wani kuma tun a tarawa ya ɓace, yana ganin 3/4 da 3/4 sun zama 6/8. Duk maganinsu ɗaya ne, a koma ga takardun nan ko ga layin lambobi. Layin ba ya bukatar kuɗi: a ja shi da alli a daɓen aji ko da kara a ƙasan tsakar makaranta, a sa alamar sifili, ɗaya, biyu, uku, huɗu, a raba kowane tsakani gida huɗu. Yaro ya tsaya a kan sifili ya yi tsalle biyar, kowanne na kwata uku. Zai sauka kwata ɗaya kafin huɗu, ajin duka yana kallo. Amfanin layin ya wuce wannan tambayar, domin yana nuna cewa 15/4 lamba ce mai mazauninta tsakanin uku da huɗu, kamar kowace lamba.

Ma'ana ta biyu: ɗaukar kaso daga adadi

A nan ne gizo ke saƙar. Biyar sau kwata uku yana da ma'ana a kunnen yaro. Amma 2/3 × 12 fa? Ba a tara sha biyu sau sulusi biyu. Abin da rubutun ke nufi shi ne sulusi biyu na sha biyu, kuma yaro ba zai ga alaƙar wannan "na" da alamar ninkawa ba sai an gina masa tsani. Dozin tsani ne mai kyau. Dozin uku na fensir, 3 × 12, talatin da shida. Dozin biyu, ashirin da huɗu. Dozin ɗaya, sha biyu. Rabin dozin fa? Kowa zai ce shida, kuma rubutun da ya dace da jerin shi ne 1/2 × 12. Daga nan sulusin dozin huɗu, sulusi biyu takwas. Aikin bai canja daga layin farko zuwa na ƙarshe ba, adadin dozin ɗin ne ya yi ta raguwa har ya kasa ɗaya.

Sai a zo ga hannu. Kowane rukunin yara ya sami murfin kwalba goma sha biyu, ko tsakuwa, ko ƙwallon dabino. Su raba su kashi uku daidai, huɗu-huɗu, su ɗauki kashi biyu, takwas. Matakai biyu ne: lambar ƙasa ta ce a raba, lambar sama ta ce a ɗauki kashi nawa. Misalan da za a yi ta juyawa da su suna nan a kasuwa da gida. Kiret ɗin ƙwai talatin ne, humusi biyu nasa sha biyu. Turmin atamfa yadi shida ne, sulusi biyu nasa yadi huɗu. Awa minti sittin ce, kuma yaron da ya san "ƙarfe uku saura kwata" ya riga ya san kwata uku na awa minti arba'in da biyar ne, ko da bai taɓa ganin 3/4 × 60 a rubuce ba.

Tsakanin murfin kwalba da lambobi tsantsa akwai matakin zane, kuma shi ne malamai suka fi tsallakewa. Jerome Bruner, masanin halayyar koyo ɗan Amurka, ya bayyana a 1966 cewa mai koyo yana kama abu ta hanya uku: da aikin hannu, da hoto, da alama. Singapo ta gina manhajar lissafinta ta firamare a kan wannan tun farkon shekarun 1980, kuma daga can ne zanen sanda ya shahara. Yaro ya zana doguwar sanda ya rubuta 20 a samanta, ya raba ta gida huɗu, ya rubuta 5 a kowane gida, ya shafe gida uku da fensir, ya karanta 15. Amfanin zanen yana fitowa ne lokacin da adadin ya fi ƙarfin tsakuwa. Ba wanda zai ƙirga murfi 3,600 a aji, amma sanda tana ɗaukar 3,600 kamar yadda take ɗaukar 20.

Inda ma'anonin biyu suka haɗu

Muddin malami yana zaɓar lambobin da ke rabuwa ba saura, yara za su ɗauka 2/3 × 12 da 5 × 3/4 darussa biyu ne da ba su da dangantaka. Tambayar da ke haɗa su ita ce wadda ba ta rabuwa sumul. A ce sandar rake shida ce, ana so a fitar da kwata uku nata. Shida ba ta rabuwa gida huɗu ba tare da an sa wuƙa ba. In aka bar yara su yi ta muhawara, hanyoyi biyu kan fito. Wasu za su ce rabin shida uku ne, rabin uku ɗaya da rabi, to kwata ke nan, kwata uku kuma huɗu da rabi. Wasu za su ce a yanka kowace sanda gida huɗu, a ɗauki uku daga kowace: uku sau shida, kwata goma sha takwas, 18/4, huɗu da rabi. Amsa ɗaya. Masu hanya ta biyu, ba tare da sun sani ba, sun mayar da kwata uku na shida zuwa shida sau kwata uku. Wannan shi ne dalilin da ya sa 3/4 × 6 da 6 × 3/4 suke daidai, kuma ganin sa a kan rake ya fi a ce wa yaro doka ce ya haddace. Darasin raken ya cancanci a ba shi rana guda cur.

Bayan wannan ne ƙa'idar ke da wurin zama, kuma gara yaran su faɗe ta da bakinsu kafin malami ya rubuta. Za su kuma lura cewa ana iya fara ninkawa sannan a raba, ko a fara rabawa sannan a ninka. A 5/8 × 64, wanda ya fara ninkawa sai ya bi ta 320 kafin ya raba da takwas. Wanda ya fara rabawa zai ce sumunin 64 takwas ne, takwas sau biyar arba'in, ya gama da ka. Abin da ake kira soke lamba da lamba wannan ne, ba wani sihiri ba, kuma in an koyar da shi a matsayin fara rabawa, yaro ba zai riƙa soke duk lambobin da suka yi kama a ko'ina ya gan su ba.

Akwai wata dabara da littattafai ke so, ta rubuta 5 a matsayin 5/1 domin a ninka sama da sama, ƙasa da ƙasa. Daidai ce, kuma za ta yi amfani in an zo ninka kaso da kaso. Kawo ta da wuri ne ke da illa, domin tana ba yaro amsa ba tare da ya san abin da ya faru ba, tana kuma ƙarfafa masa ɗabi'ar kallon kaso a matsayin lambobi biyu da ake jujjuyawa.

Lamba mai haɗe da kaso ba ta bukatar dogon bayani in an yi abin da ya gabata. Tela zai ɗinka wa yara huɗu kayan makaranta, kowanne yadi biyu da rabi. Yadi biyu sau huɗu takwas, rabi sau huɗu biyu, jimla goma. Yaron da ya rubuta takwas da rabi ya manta cewa kowane yaro yana da nasa rabin. Mayar da 2 1/2 zuwa 5/2 a ninka da huɗu a sami 20/2 hanya ce ta biyu, kuma yana da kyau a yi duka biyun a ga sun haɗu.

Ninkawar da ke rage adadi

Shekara uku ko huɗu yaro ya yi yana ganin duk abin da aka ninka yana ƙaruwa. Ba wanda ya koya masa haka a matsayin doka, amma dubban misalai sun dasa masa ita. Yanzu kuma an ninka sha biyu an sami takwas. Efraim Fischbein da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a 1985 a kan ɗalibai sama da 600 a Italiya, inda suka ba su tambayoyin labari suka ce su faɗi aikin da za a yi kawai, ba sai sun lissafa ba. Da zarar lambar da za a ninka da ita ta kasa ɗaya, sai ɗalibai da yawa su gudu daga ninkawa su zaɓi rabawa, saboda sun hango amsar za ta yi ƙasa. Haka abin yake a ko'ina. In aka ce kilon nama naira 6,000 ne, nawa ne kilo uku, kowa zai ninka. In aka ce nawa ne kwata uku na kilo, sai hannu ya tsaya, alhali tambayar ɗaya ce, amsarta 4,500.

Maganin wannan shi ne a saba wa yara da kintace kafin lissafi. A rubuta 7/8 × 40 da 8/8 × 40 da 9/8 × 40, a hana su taɓa biro, a tambaye su wacce za ta kasa arba'in, wacce za ta tsaya a kanta, wacce za ta wuce, kuma don me. Minti biyar a farkon darasi sun isa. Illar rashin wannan ɗabi'a ta fito fili a wata jarrabawar ƙasa da aka yi a Amurka a 1978, inda aka ce wa 'yan shekara goma sha uku su kintaci amsar 12/13 + 7/8 daga cikin 1, 2, 19 da 21. Kashi 24 cikin 100 ne kawai suka zaɓi 2. Fiye da rabi sun zaɓi 19 ko 21, wato sun tara lambobin sama ko na ƙasa. Sun yi shekaru suna lissafin kaso, amma ba su ga cewa kowanne daga cikin biyun ya kusa ɗaya ba.

Gado da zakka

A ƙasar Hausa wannan darasi yana da gida tun kafin zuwan makarantar boko. Ilimin rabon gado a kan kaso shida ya ginu, waɗanda suka zo a Suratun Nisa'i: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Duk malamin da ya taɓa zama rabon gado cikakkiyar lamba yake ninkawa da kaso. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, mahaifiya da ɗan'uwa shaƙiƙi, kuma abin da ya rage bayan an biya bashi da wasiyya naira 480,000 ne. Matar tana da sumuni, 60,000. 'Ya'yan biyu suna da sulusi biyu, 320,000. Mahaifiya tana da sudusi, 80,000. Sauran 20,000 na ɗan'uwan ne. Malaman gado kan fara da neman asalin mas'ala, a nan 24, su raba dukiyar gida 24, kowane gida 20,000, sannan su ba mata gida uku, 'ya'ya gida goma sha shida, uwa gida huɗu. Wannan ita ce fara rabawa sannan a ninka. Ba mamaki da al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya ware babban ɓangare na littafin ga mas'alolin gado da wasiyya.

Zakka ma haka. Amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ushuri ake fitarwa, buhu bakwai a cikin saba'in. Wanda aka shayar da wahala da tsada rabin ushuri ne, buhu uku da rabi. Kuɗin da ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo masa ɗaya bisa arba'in ne, naira 1,000 a kowace 40,000. Yaran da ke zuwa coci su ma sun san fitar da ɗaya bisa goma. Malamin lissafi ba zai zama mai fatawa a aji ba, lambobin kawai zai ara. Amma babban rashi ne a ce yaron da ke jin sumuni da sudusi a Islamiyya da yamma bai san su ne 1/8 da 1/6 da ya gani a allo da safe ba.

Harshe, cunkoso da malamin kansa

A Nijeriya, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen gida ko na yankin, kuma tsarin da aka daɗe a kai a baya shi ne a koma Ingilishi daga aji huɗu. Ke nan a wancan tsarin sauyin harshe ya riƙa faɗowa ne daidai lokacin da lissafin kaso ke yin nauyi. A Nijar kuma Faransanci ne ke gaban yawancin yara. Yarinyar da ke auna rabin mudu a tallan mahaifiyarta ba tare da kuskure ba tana iya faɗuwa tambayar rabin wani adadi a takarda, don kawai ba ta gane cewa abin da ta sani ake tambayarta ba. Malamin da ya bar yara suka yi muhawarar rake da Hausa, sannan ya ɗora musu kalmomin jarrabawa a kan abin da suka riga suka gane, bai yi kuskure ba.

Cunkoso matsala ce ta gaske. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35, amma a makarantun gwamnati da dama ana samun ninkin haka ko fiye a aji ɗaya. Duk da haka kayan wannan darasi ba sa jiran kasafin kuɗi: murfin kwalba, karan dawa, tsofaffin takardu da daɓen aji. Ana iya zaunar da yara biyar-biyar ko shida-shida a kan tari ɗaya, kowane rukuni ya rubuta amsarsa da manyan lambobi ya ɗaga, malami ya ga ajin duka da kallo ɗaya. Abin da ya fi kaya tsada shi ne lokaci, domin jadawalin zango yakan ba darasin mako ɗaya, kuma bai isa ba. Akwai hujjar ƙara masa. Wani bincike da Robert Siegler da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, wanda ya bi sawun yara a Amurka da Birtaniya, ya gano cewa sanin kaso da rabawa a shekara goma yana hasashen ƙoƙarin yaro a aljabara bayan shekara biyar ko shida, ko da an cire tasirin basirarsa, da kuɗin shigar gidansu, da ilimin iyayensa.

Yadda ake gwada yara ma yana bukatar gyara. Tambayoyi ashirin iri ɗaya haddar ƙa'ida kawai suke aunawa. Tambaya ɗaya da ke cewa "Ƙirƙiro labarin da lissafinsa zai zama 3/4 × 8, ka zana shi" ta fi su tona abin da ke kan yaro. Tana kuma tona abin da ke kan malami. A littafin da Liping Ma ta fitar a 1999, an ba malaman firamare 23 na Amurka da 72 na Sin lissafin 1 3/4 ÷ 1/2, aka ce su warware su kuma ƙirƙiro masa labari. Malaman Sin duka sun lissafa daidai, kuma kusan tara cikin goma sun kawo labarin da ya dace. A cikin na Amurka, waɗanda suka sami amsar ba su kai rabi ba, kuma mutum ɗaya ne ya kawo labarin da ma'anarsa ta yi daidai. Malamin da ƙa'ida kaɗai ya sani, ita kaɗai zai iya bayarwa. Ya kamata kwalejojin ilimi su sa irin wannan tambaya a jarrabawar duk wanda zai koyar da lissafi a firamare, kada a ba shi takardar shaida sai ya iya nuna 3/4 × 6 da kara a hannunsa, ya kuma bayyana shi da harshen da yaran ajinsa ke ji.